Hoto ko Inuwa: Sunan Eksire a Bakin Bahaushe da Abin da Sunan Yake Ɓoyewa

A asibitocin ƙasar Hausa kalma ɗaya ce take ɗauke da nauyin na'urori aƙalla huɗu. Wanda ya faɗo daga babur aka tura shi a duba ƙafarsa, hoto aka yi masa. Mai juna biyu da aka shafa wa wani mai a ciki aka bi kansa da ɗan abin hannu, ita ma hoto aka yi mata. Haka wanda aka kwantar aka zura kansa cikin na'ura mai kama da ƙaton zobe, da wanda aka raba shi da agogo da makullai kafin a shigar da shi wata mai ƙugi kamar injin niƙa. Idan ana son bambancewa, sai a jingina kalmar da gaɓar jiki, a ce hoton ƙirji, hoton ƙashi, hoton ciki, hoton kai. Ta fuskar nahawu babu abin da za a ce da wannan tsari. Sai dai ya raba abubuwan ne a inda ba nan suka rabu ba, domin abin da na'ura za ta iya nunawa, da haɗarin da ke tattare da ita, sun dogara ne da abin da aka aika cikin jiki, gaɓar da aka duba kuwa ba ta sauya wannan.

Manazarta Hausa sun daɗe suna aikin keɓaɓɓun kalmomi, kuma ƙamusun da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 shaida ne a kan abin da ake iya cimmawa idan masu sanya suna sun san abin da suke sanya wa sunan. Sun san nahawu da adabi ciki da bai, shi ya sa kalmominsu suka zauna. A fagen likitanci kuwa sau da yawa akan fara da kalmar Turanci a nemo mata kishiya, ba tare da an tsaya an koyi yadda abin yake aiki ba. Eksire misali ne mai kyau, domin ilimin da ake buƙata a fahimce shi bai fi ƙarfin zama ɗaya ba, kuma wanda ya yi wannan zaman zai ga cewa Hausa tana da kalmar da ta fi hoto kusa da gaskiyar lamarin, wato inuwa.

A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Rontgen, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Wurzburg ta ƙasar Jamus, yana gwaji da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta ana ratsa ta da lantarki. Ya lulluɓe kwalbar da baƙin kwali, amma sai ya ga wani allo da aka shafe da sinadari yana ƙyalli a can gefe. Wani abu ke nan yana fita daga kwalbar, yana ratsa kwalin, ido bai gan shi ba. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya kira shi da harafin X, wanda masu lissafi suke sa wa abin da ba a sani ba. Ranar 22 ga Disamba ya ɗora hannun matarsa, Anna Bertha, a kan farantin ɗaukar hoto, aka ga ƙasusuwan yatsunta da zobenta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fanninsa. Jamusawa sun maye gurbin harafin da sunan mutumin, Turawan Ingila suka riƙe harafin, shi ne ya iso ga Hausa, harshen da babu X a jerin baƙaƙensa na boko, ya zama eksire. Kalmar da Bahaushe ya ara ke nan asalin ma'anarta "ba a sani ba".

Yau an sani. Hasken eksire ɗan uwan hasken rana ne, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, ƙarfinsa kuma mai yawa, shi ya sa yake ratsa abin da hasken rana ba ya ratsawa. A cikin na'urar akwai kwalba marar iska. A gefe ɗaya akwai siririn zaren ƙarfe irin na tsohon ƙwan lantarki, wanda idan ya yi zafi yake sakin ƙwayoyin lantarki. Ana fizgar ƙwayoyin nan da ƙarfin lantarki na dubban bolt, wanda a hoton ƙirji yakan kai kimanin 120,000, su je su yi karo da wani faifan ƙarfe na tangistin. Tsayawar da suke yi farat ɗaya ita ke haifar da hasken. Kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfin yana tafiya ne a zafi, kashi ɗaya kacal ke zama eksire, kuma dalilin zaɓen tangistin ke nan, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. Wannan fasali na zaren da ake zafafawa William Coolidge ne ya fito da shi a Amurka a 1913, kuma har yau a kansa ake.

A nan ne eksire ya rabu da hoton da aka sani. Mai ɗaukar hoto a gidan biki yana kama hasken da ya bugi fuska ya dawo, saboda haka shi da fitila suna gefe ɗaya, abin da ya samu kuma kamannin waje ne. A ɗakin eksire kuwa fitila tana gefe ɗaya, allo yana ɗaya gefen, majiyyaci yana tsakiya, daidai da yaron da ya sa hannu tsakanin aci-balbal da bango yana yin kan zomo. Abin da ya isa allon shi ne ragowar hasken da jiki bai tare ba. Inda haske ya wuce da yawa allon ya yi baƙi, inda aka tare shi ya zauna fari. Farin ƙashin da ake gani a hoton, wurin da haske bai kai ba ne.

Inuwar nan launi biyar kawai ta sani. Iska ba ta tare komai, saboda haka huhu mai lafiya baƙi ne. Kitse ya ɗan fi ta, sai ya fito toka-toka mai duhu. Ruwa da tsoka da jini da hanta da zuciya duk launinsu ɗaya, toka mai haske. Ƙashi fari ne saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa. Ƙarfe ya fi kowa fari. Wanda ya riƙe wannan jeri ya riƙe rabin ilimin, domin daga gare shi ake gane cewa ba a ganin iyakar abu sai idan maƙwabcinsa ya bambanta da shi a launi. Ana ganin zuciya ne saboda huhu mai iska ya kewaye ta. Jinin da ke cikinta kuwa ba a rarrabe shi da naman bangonta, tunda launinsu ɗaya. Idan ruwa ya cika sashen huhun da ke manne da zuciya, sai gefen zuciyar ya ɓace, kuma ɓacewar nan ita ce alamar da likita yake karantawa. A wannan fage rashin ganin abu ma labari ne.

Duk wata ɗabi'a ta inuwa tana nan. Inuwa ba ta da zurfi: maɓallin riga da tsabar kuɗin da yaro ya haɗiye za su iya fitowa a wuri ɗaya, ba a san wanne ke gaba ba. Shi ya sa ake cire tufafi masu ƙarfe, shi ya sa kuma ake ɗaukar karaya ta fuska biyu, gaba da gefe, domin ƙashin da ya goce zuwa baya yana iya fitowa a miƙe sumul idan ta gaba kawai aka duba. Majiyyacin da aka ce ya biya kuɗin ɗauka biyu yakan zaci cuta ce, alhali ɗauka ɗaya rabin magana ce. Haka kuma inuwa tana girma idan abu ya matsa kusa da fitila ya nisanci bango. Zuciya tana gaban ƙirji, saboda haka akan sa mutum ya manna ƙirjinsa da allon, haske ya shigo ta bayansa. Idan ba ya iya tsayuwa aka ɗauka yana kwance, hasken ya shigo ta gaba, zuciyar takan fito da girman da ba nata ba, wanda bai san yadda aka ɗauka ba sai ya ce ta kumbura.

Jerin abin da eksire ba ya gani ya fi na abin da yake gani tsawo. Ba ya ganin ƙwaƙwalwa, ƙoƙon kai kawai yake nunawa, don haka mai ciwon kai da ya nace a yi masa hoton kai ya sayi inuwar akwati ne ba tare da abin da ke ciki ba. Ba ya ganin jijiyar da ta tsinke a gwiwa, ba ya ganin guringuntsi, ba ya ganin gyambon ciki. Harsashi da allura da yawancin gilashi suna fitowa, amma ƙaya da sartsen itace galibi ba sa fitowa, ga shi kuwa su ne suka fi shiga ƙafar manomi. Yawancin tsakuwar ƙoda tana bayyana, yawancin ta matsarmama ba ta bayyana. Hatta a ƙashi, inda ya fi ƙwarewa, yana da jinkiri: ciwon da ya shiga ƙashi yakan yi kwana 10 zuwa 14 kafin alamarsa ta fito, kuma akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, ta gindin babban yatsa, wanda tsagewarsa kan ɓuya a ranar farko. A ƙashin yara kuma akwai layin guringuntsi inda ƙashi yake tsawo, wanda yake fitowa baƙi kamar karaya ga idon da bai saba ba.

Masana ilimin furuci sun san wannan iyaka tun kafin yawancin majiyyata, ko da yake ba kasafai ake tuna haka a azuzuwan tsarin sauti ba. A 1917 an ɗauki eksiren bakin Daniel Jones yana furta wasula, kuma sai da aka shimfiɗa siririyar sarƙar darma a kan harshensa, domin harshe tsoka ne, inuwarsa ba ta fita sosai a tsakanin muƙamuƙi da haƙora. Sarƙar ake gani, daga ita ake gane inda harshen yake. Peter Ladefoged, a nazarinsa na sautukan harsunan Afirka ta Yamma da ya fito a 1964, ya yi amfani da eksire mai motsi ya nuna yadda tushen harshe yake matsawa gaba a wasu wasulan Ibo, daga baya Mona Lindau ta yi irin wannan aiki a kan Akan. Zanen gaɓoɓin furuci da ɗalibi yake kwafa a allo, da ganɗa da hanɗa da maƙwallato, yana da dangantaka da waɗannan inuwoyi. Dabarar sarƙar Jones kuwa ita ce dai likita yake yi idan ya ba mutum ruwan bariyam ya sha don hanji ya fito, ko ya sa masa ruwan aidin a jijiya don hanyar jini ta bayyana: abin da ba shi da inuwa sai a ara masa.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma kalmar hoto ta shigar da eksire ƙarƙashin wannan hukunci. Majiyyacin da likita ya saurara, ya tambaya, ya taɓa, ya rubuta masa magani, yakan fita yana ganin ba a duba shi ba tunda ba a yi hoto ba. Wanda aka yi wa hoton kuma aka ce ba a ga komai ba, yakan fahimci cewa an ce lafiyarsa ƙalau, ko kuma ciwon ba na asibiti ba ne, sai a nufi wani wuri. Jimlar "ba a ga komai ba" tana cikin jimloli mafi haɗari da ake faɗa a asibiti da Hausa, domin abin da take nufi a bakin ma'aikaci shi ne babu abin da ya sauya launi a cikin launuka biyar ɗin nan, abin da take nufi a kunnen mai ciwo kuwa daban ne. A karatun eksire ji ne yake yi wa gani jagora. Farin tabo a saman huhu yana iya zama tarin fuka mai ci, ko tabon wanda ya warke shekaru da suka wuce, ko wani ciwon dabam, kuma labarin majiyyaci da gwajin kaki ne suke raba gardama. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tace masu shekara 15 zuwa sama. Tacewa ce dai, tabbatarwa tana wurin gwajin kaki. Mai fassara saƙon wayar da kai da ya rubuta cewa na'urar tana "gano" tarin fuka ya faɗi abin da ya wuce gaskiya da taki ɗaya, kuma a takin nan ne mutum yake fara shan maganin wata shida a kan zato, ko ya ƙi kai kakinsa.

Ɗori ma ya cancanci a tsaya a kansa. Maɗori yana karanta ƙashi da yatsunsa, sana'a ce ta gado, kuma mutane da yawa a birni da ƙauye wurinsa suke fara zuwa. Hausar ɗori tana da kalmomi masu kaifi, karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe, waɗanda kowace take nuni da abu dabam, kuma uku na farko suna da inuwa, targaɗe kuwa galibi ba shi da ita tunda a jijiya yake. Wannan rabo da harshen ya riga ya yi ya dace da abin da eksire yake iyawa fiye da yadda ake zato. Abin da eksire ba zai faɗa wa kowa ba shi ne ko ɗaurin kara ya matse har jini ya daina kai wa yatsu. Wannan a launin fata da sanyinta da zafin ciwo ake gane shi, kuma hannun yaro yana iya mutuwa alhali ƙashin ya zauna daidai a hoton.

Sai batun haɗari, inda rabon suna bisa gaɓa ya fi yin ɓarna. Hasken eksire yana da ƙarfin da zai iya lahanta ƙwayoyin gado na jiki. Mutanen farko sun koyi haka da jikinsu: Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya rasa hannayensa biyu kafin ya mutu a 1904. A 1956 Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta nuna alaƙa tsakanin eksiren da ake yi wa masu juna biyu da ciwon daji a yaran da suka haifa. Na'urorin yau suna sakin kaɗan ne ƙwarai. Hoton ƙirji ɗaya kimanin milisibat 0.1 ne, alhali abin da mutum yake sha daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, kimanin 2.4 ne, wato hoton kimanin rabon mako biyu ne. Amma na'urar zoben nan da ake kira siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, eksire ce mai kewaya jiki tana ɗaukar inuwa ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su yanka-yanka. Ta magance matsalar zurfi, ta ga ƙwaƙwalwa, sai dai na ƙirji ɗaya yakan kai milisibat 6 zuwa 7, kusan rabon shekara uku. Na'urar masu juna biyu kuwa sauti take aikawa ta saurari amsa-kuwwarsa, babu eksire a cikinta ko kaɗan. Mai ƙugin nan kuma da maganaɗisu take aiki, haɗarinta yana ga ƙarfen da ke jikin mutum ko aljihunsa.

A dubi "hoton ciki" da wannan ido. Yana iya zama na sauti, yana iya zama eksire, yana iya zama siti-sikan, ga shi kuma kalmar ciki kanta tana nufin tumbi tana nufin juna biyu. Mace ɗaya za ta ji an ce hoto yana cutar da ɗan tayi ta guje wa na sauti, wanda shi ne zai nuna mata kwanciyar yaro da inda mabiyiya take. Wata kuma da aka yi mata na sauti sau uku lafiya za ta shiga ɗakin eksire ba tare da ta ga dalilin faɗin komai ba, tunda duk hoto ne. A Nijar, inda harshen asibiti Faransanci ne, ana taƙaita sunayen a ce radiyo da eko. Na farkon yana karo da akwatin sauraren labarai, amma aƙalla rabon ya bi hanyar aiki.

Za a ce harshe ba ya jiran izinin masana, kuma hoto ta riga ta zauna. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi yunƙurin sa mutane su ce "inuwar ƙashi" a bakin tagar biyan kuɗi zai sha dariya. Za a kuma ce suna ba bayani ba ne, jirgin sama ma ba a ruwa yake tafiya ba. Wannan ma haka ne, sai dai wanda ya hau jirgin sama ba ya yanke wata shawara bisa asalin kalmar, majiyyaci kuwa yana yankewa: ya nema ko ya ƙi, ya faɗa ko ya yi shiru, ya dawo bayan kwana goma ko ya tafi ke nan. Gyaran da ake buƙata bai kai sauya kalmar ba. Ya isa a sauya abin da ake jingina mata a rubuce-rubucen hukuma da littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo, a ce hoton eksire, hoton sauti, hoton maganaɗisu, eksire mai kewaye, sannan gaɓar ta biyo baya. Inuwa kuma wurinta yana cikin ma'anar da ƙamus zai bayar da bayanin da malami zai yi, domin yaron da ya taɓa wasa da fitila da bango ya riga ya san dalilin ɗauka biyu da dalilin kumburar zuciyar ƙarya.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙirƙirar kalma wuya, wanda babu mai iya yin sa sai masanin al'ada. A ƙofar ɗakin eksire akan manna sanarwa cewa mace ta faɗa idan tana da ciki ko tana zaton haka. Fassara ta kalma da kalma abu ne mai sauƙi. Amma Bahaushiya, musamman a cikin fari, ba ta saba furta wannan ba ko ga mahaifiyarta, balle ga namiji baƙo, balle kuma idan uwar miji ce ta rako ta tana tsaye a gefe. Makonnin farko, lokacin da gaɓoɓin ɗan tayi suke ƙulluwa, su ne kuma lokacin da ciki bai fito ba kuma kunya ta fi ƙarfi. Harshen yana da hanyoyinsa na kewaye, juna biyu da ɓatan wata da "yaushe rabonki da al'ada", kuma tambayar kwanan wata ta fi sauƙin amsawa a kan tambayar e ko a'a. Wa zai yi tambayar, da wace kalma, a gaban wa, da kuma ko za a fara cewa mai rakiya ta ɗan jira a waje, waɗannan tambayoyi ne na nazarin harshe a cikin al'umma, kuma ana iya amsa su da irin binciken fili da ɗaliban digiri na biyu suke yi kowace shekara a kan karin harshen kasuwa da zaurancen 'yan tasha.